Na Hana Dubiya

Lokacin da muke yara a cikin Birnin Zazzau, allura guda ce take raba mutum da ciwo. In maruru ya fito maka, ko gyambo ya ƙi warkewa, sai a riƙe hannunka a fita da kai ta Ƙofar Doka, malamin asibiti ya tafasa allurarsa a ɗan kwano, ya soka maka fanisilin a ɗuwawu. Ka yi kukanka ka gama, kafin a ankara ƙafa ta bushe. Tsofaffinmu har shakkar maganin suke yi, don sun ga aikinsa. Yau kuwa na ga mutum kwance, an jona masa roba a hannu da wuya da hanci, ana ɗura masa magungunan da ko sunansu ban iya faɗa ba, ciwon kuma ko gezau.

Tsakanin wancan zamani da wannan na yi yawo. Fataucin fata ya kai ni Kumasi da Abidjan da Hartum, kuma duk inda na sauka sai na tarar da kafso a faranti a kasuwa, ana sayar da shi ɗai-ɗai kamar alewa. Mu muna ce masa ja da yalo, su ma kowa da sunan da ya laƙaba masa a harshensa, amma aikin ɗaya ne: a fasa a barbaɗa a miki, a zuba a koko in ciki ya ɓaci, a jiƙa wa kaji in sun fara gyangyaɗi. A sha biyu, in an ji dama a ajiye sauran don maƙwabci. Wuri guda aka taɓa hana ni shi, a wani gari na Faransa, inda mai kantin magani ta ce sai da takardar likita, na fito ina mita da Faransancina na kasuwa. Likitoci sun ce ta wannan hanya ƙwayoyin cuta suka saba da magani har suka daina jinsa. Ban ga abin da maganar take nufi da idona ba sai da ƙanena ya kwanta.

Ƙanena maɗinkin babbar riga ne, mai aikin hannu. Tun yana saurayi yake zaune a zauren gidanmu da allura da zare, yana fitar da zanen aska takwas a ƙirjin riga yana hira da duk wanda ya gitta. In ban da aikin Hajji bai taɓa kwana a wajen Zazzau ba, kuma yana yi mini dariya cewa na zaga duniya ban iya ɗinka maɓalli ba. Yana da ciwon suga. Ƙusa ta soke shi a tafin ƙafa bai ji ba, sai da wurin ya ruɓe. Aka kai shi asibiti aka yanke yatsu biyu, zazzaɓi ya ƙi sauka, numfashi ya fara gagararsa, sai aka shigar da shi ɗakin kulawa ta musamman, inda ake ajiye waɗanda inji ke taya su numfashi.

Likitar da ke kula da ɗakin, wadda ba ta wuce sa'ar 'yata ba, ta kira ni da matarsa gefe.

"Baba, mun ɗebi jininsa mun kai gwaji," ta ce. "Ƙwayar cutar da ke jikinsa mun gwada mata magunguna iri-iri, duk ba ta ji. Guda ɗaya ya rage da take ɗan tsoro."

"To a ba shi mana."

"Za mu ba shi. Amma tsohon magani ne mai zafi, yana iya taɓa ƙoda, yana iya taɓa kunne. In kuma ya ƙi, ba ni da wani a bayansa."

Na tambaye ta inda ya samo irin wannan cuta. Ta ce ba wanda zai iya rantsewa. Wataƙila daga gida ya zo da ita, wataƙila a nan ta same shi, don ko'ina a duniya irin wannan ɗaki take so, inda kowa jikinsa a huje yake da robobi. Sannan ta faɗi abin da ta kira mu dominsa. Mutum ɗaya ne zai riƙa shiga wurinsa. Sai ya wanke hannu, ya sa riga ta leda da safar hannu da takunkumi. Ba a taɓa robobin, ba a shafa masa komai, ba a ba shi komai.

"Kowace roba a jikinsa ƙofa ce zuwa jininsa," ta ce. "In wata ƙwayar ta shiga a kan wannan, Baba, mun rasa shi. Kuma wanda ya shiga ya taɓa, yana iya fita da tasa ya kai gida."

Na ce na ji. Amma ina fita na san ba ta san da waɗanda take magana ba.

A Birni dubiya ba ganin dama ba ce. In mutum ya kwanta, unguwa ce take tashi. Mata su dama kunu su cika fulas, maza su sayi lemo da ayaba, a cika Keke uku huɗu a tafi. Wanda bai je ba ana riƙe shi a rai har jikokinsa. Kuma dubiyarmu da hannu ake yin ta. Ka kama hannun mara lafiya, ka dafa goshinsa, ka karanta abin da ka iya ka tofa masa. In akwai malami a dangi ya kawo rubutu a gora, a ba shi ya sha, sauran a shafe masa jiki tun daga kai har ƙafa. Na ga dubiya a ƙasashe, na ga inda ake aika fure a zauna a gida, ban kuma taɓa ganin wadda ta kai tamu daɗi ga mara lafiya ba. Ni ma da na karye a ƙafa ita ta riƙe ni. Amma tofi da yawu yake tafe, rubutu kuma ruwa ne da aka wanke allo da hannu, ƙanena kuwa an huda masa wuya.

Mai gadin ƙofar ɗakin ɗan unguwarmu ne. A gaban babbar yayarmu ya yi karatun allo, kamar rabin yaran layinmu. Na san ba zai iya ɗaga ido ya ce mata a'a ba. Nas-nas ɗin kuwa aiki ya yi musu yawa, ba za su bar mara lafiya su zo tsaron ƙofa ba. Sai na ɗauko dardumata da butata na zauna a bencin da ke bakin ƙofar. Shigar mutum ɗayan da aka ba mu na ce ta matarsa ce. Ni kaina ban shiga ba, ta gilashin ƙofa nake hango ƙafafunsa.

Da la'asar 'yan dubiya suka iso, kamar yadda na zata. Taubashina ne a gaba, ɗan ƙanen mahaifiyarmu, wanda tun muna yara ba mu haɗuwa sai da tsiya.

"A'a, Alhaji! An ɗauke ka gadi ne? Ina hular, ina kulkin?"

"Kulkin yana nan, a kanka za a fara gwada shi."

"To matsa mu ga ɗan'uwanmu."

"Ba a shiga."

Ya yi dariya, ya ɗauka wasan ne. Da ya ga ban tashi ba sai dariyar ta tsaya. Na yi musu bayanin abin da likita ta ce, da Hausa mai sauƙi. Wani dattijo ya ce shi minti ɗaya kawai yake so. Wata gwaggo ta ce ita ai da alwalarta. Na karɓi fulas da ledojin lemo na yi godiya, na ce duk wanda ya zo zan gaya wa mai jiki ya zo. Suka tsaya cirko-cirko, suka juya suna ƙunƙuni.

Washegari Yaya ta zo da kanta. Ita ta raine mu bayan rasuwar mahaifiyarmu, ƙanena kuwa a bayanta ya girma. Ta tsufa, tana dogara sanda, amma muryarta tana nan yadda take sa yara su nutsu a kan allo. Gorar rubutu tana hannunta a cikin mayafi. Mai gadi yana hango ta ya durƙusa, hannunsa har ya kai kan ƙofa. Na miƙe na tsaya a tsakani.

"Ina wuni, Yaya."

"Ban zo gaisuwa ba. Ba ni hanya."

"Ba za ki shiga da wannan gorar ba."

"Ayar Allah ce a ciki."

"Na sani. Ruwan ne ba zai taɓa shi ba."

Ta dube ni tun daga hula har takalmi. "Ka je ƙasar Nasara ka sayar musu da fata, ka sayo zuciyarsu ka dawo mana da ita. Yaron da na goya, na yi masa tsarki, na ɗura masa koko, kai za ka ce hannuna ƙazanta ne?"

"Ban ce ba. Nawa ma ban yarda da shi ba, shi ya sa nake waje."

Na tuna mata abin da ita da bakinta ta karantar da mu, cewa garin da annoba ta sauka ba a shigarsa, na ciki kuma ba ya fita. Ta buga sandarta a ƙasa.

"Kada ka ja mini littafin da ni na biya maka. Ƙanenka gari ne?"

"A wurina yanzu gari ne, Yaya, ni ne kuma a ƙofarsa."

Mutanen da ke baranda duk suka zuba mana ido. A Birni ba a yi wa babba haka, balle a bainar jama'a, balle mace mai allo. Na ji nauyin abin, amma ban matsa ba. Ta juya, jikarta ta kama mata hannu suka tafi.

Daga nan magana ta bazu. Wasu suka ce ƙanena ya riga ya rasu, inji ne kawai ke hura shi, ina ɓoyewa. Wasu suka ce ciwon kunya ne ya kama shi shi ya sa ba na so a gani. A masallacin unguwa wanda muka saba musabaha sai ya ɗaga mini hannu daga nesa, ya ce kada ya shafa mini ƙwayar cuta. Na ce ya kyauta, haka likita take so. Liman ya zo asibitin da jama'arsa, na tare shi da girmamawa na shimfiɗa masa dardumata a baranda. Ya kalli ƙofa, ya kalle ni, ya zauna ya ɗaga hannu muka shafa. Da zai tafi ya ce mini a hankali, "Alhaji, ka sassauta wa Hajiya yayarka." Na ce, "Allah gafarta Malam, in na sassauta mata sai na sassauta wa Birni duka."

A zaman bencin nan na ga abubuwa. Na ga nas tana wanke hannu har fatar ta tsage. Na ga ranar da ruwan famfo ya ɗauke, suka koma zuba wa juna daga jarka. Na ga an fito da wani bawan Allah daga Tudun Jukun a lulluɓe, wanda ɗansa muke hira da shi kullum a bencin, ya ce mini babansa haɗarin babur kawai ya yi, karayar ma ta fara haɗuwa, ƙwayar nan ce ta shiga huhunsa. Wannan ya ƙara mini taurin kai. Duk wanda ya zo da fushi sai in tuna da zanen da aka lulluɓe mutumin, in gyara zama.

Amma kada in yi ƙarya, abin da Yaya take tsoro ni ma ina tsoronsa. In ƙanena ya tafi ba ta gan shi ba, ba ta yi masa kalmar shahada a kunne ba, ni ne na raba su, kuma ba abin da zan faɗa ya goge wannan.

Sai ga shi maganin ya fara taɓa ƙodarsa kamar yadda aka faɗa. Fitsari ya ragu, jikinsa ya kumbura. Likita ta ce za su rage maganin kaɗan su ci gaba, don in sun tsayar cutar za ta dawo da ƙarfinta. Na tambaye ta gaskiya. Ta ce, "Baba, yana iya tashi, yana iya tafiya. Ba zan ɓoye maka ba." Matarsa ta kai labari gida, da hantsi sai ga Yaya.

Wannan karon ba ta ɗaga murya ba. Ta zauna a ƙarshen bencin tana haki.

"In ya mutu ban gan shi ba, ban yafe maka ba, duniya da lahira."

"Na ji, Yaya."

"Shi ke nan abin da za ka ce?"

"Matarsa ta ce ta bar miki shigarta ta yau. Likita ta yarda. Amma sai kin wanke hannu yadda suka ce, kin sa rigarsu da takunkumi. Gorar kuma a nan za ta zauna."

"In na rufe baki da me zan tofa masa?"

"Ba za ki tofa ba. Ki karanta, Wanda kike roƙo yana ji ta bayan ƙyalle."

"Ji ɗan nema! Yau kuma fatawa kake ba ni?"

"Ko ki shiga a haka, ko ki hango shi ta gilashi kamar ni. Ba na uku."

Ta daɗe tana jan carbi. Na ɗauka tashi za ta yi ta tafi. Sai ta zaro gorar daga mayafi ta dangwarar mini a cinya, ta ce wa nas ɗin da ke jira, "Zo 'yar nan, nuna mini alwalar taku." Nas ta zuba mata sabulu ta nuna mata tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce. Yaya tana wankewa tana mita cewa ko wankan gawa bai kai wannan ba. Aka cire mata zobe da carbi, aka ɗaura mata rigar leda a kan zanenta, aka rufe mata baki da hanci. Da ba don sandar ba da ban gane ta ba.

Ta gilashi na ga ta tsaya a kansa. Na ga takunkumin yana motsi tana karatu. Sau ɗaya hannunta ya tashi zai je goshinsa, ya tsaya a sama, nas ta kama shi ta ɗora a kan tafin hannunsa inda babu roba. A nan ta bar shi har aka ce lokaci ya yi. Da ta fito aka tuɓe mata kayan, ta sake wanke hannu ba tare da an ce mata ba. Ta karɓi gorarta daga hannuna, ba ta dube ni ba, ta wuce.

Ƙanena bai tashi a ranar ba, bai tashi a makon ba. A hankali zazzaɓin ya fara sauka, ƙodar ta fara sakin ruwa, aka cire injin numfashi, aka cire robar wuya. Ban bar bencin ba sai da aka mayar da shi ɗakin sauran marasa lafiya, a can ma likita ta ce a ci gaba da wanke hannu, na ci gaba da tsare wannan. Na tambaye ta ko zamana a ƙofa ne ya cece shi. Ta ce ba za ta iya cewa ba, ta ga waɗanda aka tsare suka tafi, ta ga waɗanda aka yi sakaci da su suka tashi, ita dai ta san bai kamu da cuta ta biyu ba. Yaya kuma ta gaya wa duk unguwa cewa karatunta ne. Ban yi musu da ita ba. Har yau akwai gidaje biyu uku da ba su daina jin haushina ba, kuma ban je ba su haƙuri ba, don da za a sake, da bencin zan koma.

Ranar da aka dawo da shi gida na zauna kusa da shi a zaure na ba shi labarin duk abin da aka yi a bakin ƙofa, da taubashi da Liman da alwalar Yaya. Yana ta kallon bakina yana murmushi. Da na gama ya ce da ƙarfi, kamar mai kiran wani a tsallaken titi, "Alhaji, me ka ce?"

Maganin ya tafi da jinsa. Kunne ɗaya ya mutu gaba ɗaya, ɗayan sai an matso an ɗaga murya. Ya koma ɗinkinsa, hannun yana nan, amma hirar zaure ta ƙare, masu wucewa sai dai su ɗaga masa hannu ya ɗaga musu. A danginmu kuma dubiyar taro a asibiti ta ƙare. In wani ya kwanta, mutum ɗaya ke tafiya ya wanke hannu ya shiga, sauran su taru a gida su yi addu'a. Yaya ce take zaɓar wanda zai je, kuma ba ta taɓa zaɓata ba.